A Bar Yara Su Taɓa Laka a Darasin Turanci

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake koya wa ƙannenmu Turanci a firamare. Malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, ya sake faɗa, su sake amsawa, har a kaɗa ƙararrawa. Ƙanena ya shekara biyu yana rera "This is a cup", amma ran da na ɗaga kofin shayi na ce ya gaya mini sunansa da Turanci, sai ya yi zuru. Ashe waƙa ya ɗauke ta.

Da aka yi hutu sai na tarar da shi a bayan gida yana gina saniya da laka. Na tsuguna kusa da shi, duk gaɓar da ya liƙa in faɗa masa sunanta: "leg", "tail", "horn". Bayan kwana uku ƙahon ya karye, ya sheƙo da gudu yana kuka yana cewa "horn" ɗinsa ya faɗi. Ban sa shi haddace kome ba. Hannunsa ne ya yi ƙahon, shi ya sa sunan ya zauna.

To, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tsara a fara koyar da yaro da harshen gida, daga baya Turanci ya karɓi ragamar sauran darussa. Yaron da ya isa wannan mataki da waƙa kaɗai a bakinsa, lissafi ma sai ya gagare shi, a ce daƙiƙi ne, alhali harshen ne bai ji ba.

Wani zai ce ina kuɗin fenti da takarda? Haba! Gawayi na murhu, karan dawa na gona, laka kuwa ko'ina. Yaron da ke ƙera motar kara zai ji "cut" da "push" yana cikin yi. Har matsalar nan tamu ta Hausawa, ta kasa raba "p" da "f", tana da magani: a sa shi ya zana "pan" a nan, "fan" a can, ya ga kasko daban, mafici daban. Iyayen da ba sa son a gina siffar mai rai kuwa, ai tukunya da rumbu sun wadatar.

Sai dai da sharaɗi. In malam ya raba laka ya koma gindin bishiya yana hira, wasa kawai aka yi. Dole ya zaga tsakaninsu yana tambaya da Turanci, suna amsawa. Ku kuma iyayenmu mata, in yaro ya dawo da riga duk laka, a fara tambayarsa sunan abin da ya gina kafin a ɗauko bulala.