Zauren Iyali: Cire Tsohon Fenti Daga Kayan Wasan Yara

Kirsimati ta kusa, mun kuwa ga gidaje da dama a nan Auyo sun fara fito da ƙananan motoci, da dawakai da tumaki na roba da na ƙarfe, waɗanda aka sayo a gwanjo, don a sabunta musu fenti. Aikin yana da kyau, amma a kula da yadda za a cire tsohon.

Wani tsohon fenti yana da dalma a ciki. Amurka ba ta hana irinsa a fentin gida da kayan wasa ba sai 1978. Dalma takan taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta dakushe masa karatu. Mu tuna da Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka kada a kankare fenti a bushe da wuƙa ko samfefa, kada kuma a ƙona shi. Jiƙawa ake yi.

Da fari a rarrabe kayan. Na roba a sa su cikin kwalba mai murfi, a zuba Dettol har ya rufe su, su kwana ɗaya ko biyu. Sa'an nan a goge da tsohon buroshin haƙori tun ba a sa ruwa ba, gama ruwa yakan mai da fentin kamar danƙo. Tina da fetur sukan ɓata roba, har su narkar da wata.

Na ƙarfe suna jure wa tina, amma a yi aikin a tsakar gida, nesa da murhu da fitila. Sodar sabulu takan cinye alminiyam, ta kuma ƙona fata. Babba ne zai yi aikin, da safar hannu ta roba. In abin wasan yana da nauyi da taushi, launin toka-toka, wataƙila dalma ce zalla. A raba yaro da shi gaba ɗaya.

Dattin da ya rage fa? Ƙasarmu fadama ce, ruwa yana kusa, ambaliya kuma takan kwashi abin da ke ƙasa ta kai gonakin shinkafa da kogin Haɗejiya, inda muke samun kifi. Kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya. A tsane shi da tsumma, a rufe cikin gwangwani, a ajiye inda hannun yaro ba zai kai ba.

Rigakafi ya fi magani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.