Nasarar da Aka Saba da Ita

Bahaushe kan ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Wannan karin magana ya dace da halin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Nijeriya, wato Super Falcons, ta daɗe a ciki. Daga 1998 zuwa 2025 an buga gasar cin kofin Afirka ta mata sau 13, wannan ƙungiya ta ɗauke kofin sau 10. Haka kuma babu gasar cin kofin duniya ta mata da aka yi ba da ita ba tun daga ta farko a 1991 har zuwa ta 2023.

Sai dai yawan nasarar ya zame mata tamkar bashi. Idan ta ci, a ce da ma an san za ta ci. Idan ta faɗi, kamar yadda ya faru a 2008 da 2012 da 2022, sai a shiga neman mai laifi, kamar sauran ƙasashe ba sa shiri. A Disambar 2016 'yan wasan sun doke Kamaru da ci ɗaya da nema a birnin Yawunde, gaban dubban magoya bayanta. Da suka dawo gida, sai da suka ƙi fita daga masaukinsu a Abuja, suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, kafin a biya su haƙƙoƙinsu. Takwarorinsu maza kuwa, waɗanda suka ci kofin a 1980 da 1994 da 2013, na biyu suka zo a 2024, amma aka ba su lambar girma da gida da fili.

Babu shakka akwai fifita maza a cikin lamarin, amma ba shi kaɗai ba ne. Ɗan Adam ya fi yaba abin da ya zo masa ba zato. Malamin aji ma ya san haka: tafi ya fi ƙarfi ga ɗalibin da ya taso daga na 20 zuwa na 5, a kan wanda bai taɓa sauka daga na ɗaya ba, alhali riƙe matsayi ya fi samunsa wuya.

Gaskiya ne a 2025 an yi wa 'yan wasan alƙawarin dala 100,000 kowaccensu, da gida da lambar girma. Amma a lura, Maroko ce ke gaba da ci biyu da nema a Rabat kafin su farke su ci 3 da 2. Sai da aka ga kofin na neman kuɓucewa sannan aka tuna da darajarsa.