A Ba Jigawa Dayosis Nata Kamar Yadda Aka Ba Katsina

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga shugabannin Cocin Katolika na Kano.

Masu karatu da yawa ba su san cewa Katolikan Jihar Jigawa duk a ƙarƙashin Kano muke ba. A shekarar 1991 aka yanko Kano daga Kaduna ta zama ƙasar mishan mai cin gashin kanta, wato shekarar da Janar Babangida ya ba mu Jihar Jigawa. A 1999 ta zama cikakken dayosis a hannun Bishop Patrick Sheehan, mutumin ƙasar Ayalan, wanda kafin nan shi ne Bishop na Yola. Daga 2008 kuma Bishop John Niyiring ya gaje shi. Allah ya saka musu da alheri.

To amma Malam Edita, jiha biyu a wuyan mutum ɗaya kaya ne. Daga Kano zuwa Haɗeja, zuwa Gumel, zuwa nan Gwiwa da Roni, ina za a fara? A Sabon Gari coci kan cika maƙil, ga kuɗin baiko. Mu kuwa na ƙauye, yawancinmu Hausawa manoma, ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. Katikis ne ke riƙe da mu, shi ma manomi ne, da damina yana gonarsa. Yaron da ya tashi yana ganin fada jefi-jefi, wa zai kwaikwaya har ya ce shi ma zai zama fada?

Ga maƙwabtanmu na Katsina. A 2023 Fafaroma Francis ya raba su da Sakkwato, ya naɗa musu Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi. Ni ɗan tireda ne mai bin kasuwanni, na ji yadda Musulmi ma suka yi ta mamaki, wai ashe akwai Bahaushe bishop.

Wasu za su ce Katolikan Jigawa ba su kai a ba su dayosis ba. Na ji. To kafin lokacin ya yi, a ƙaro mana fada masu jin Hausa, a ɗauki 'ya'yan manoma a kai su makarantar horon fada ba tare da an ɗora wa iyayensu kuɗin da ya fi ƙarfinsu ba. Sannan a fara shirin Dutse tun yanzu.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi,
Gwiwa, Jihar Jigawa.