Sanyin Sapporo Ba Ya Ɗauke Salla

Musulmin da ya tafi hutun hunturu birnin Sapporo na ƙasar Japan domin kallon bikin dusar ƙanƙara, wanda aka faro a 1950 kuma ake yi a watan Fabrairu, ban ga laifinsa ba.

Abin da nake jiye masa shi ne La'asar. Yini a can gajere ne, wajen ƙarfe biyar rana ta faɗi. Shari'a ta sawwaƙe wa matafiyi kasaru da shafa a kan huffi, amma ba ta yarje masa yawon kallo har lokaci ya fita ba.

Sai abinci. Sau da yawa da ƙashin alade ake dafa romon taliyarsu ta ramen, saboda haka ya tambaya kafin ya ci.