Wa zai auna mana guba?

Ƴan uwa matasa, mu fara da Tibiri, nan kusa da Maraɗi. A 1985 aka fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a garin. Shekara da shekaru yara suna sha, haƙora na ja, ƙafafu na lanƙwashewa, ɗaruruwansu suka nakasa. Daga baya aka tabbatar sinadarin fuluwor ne ya yi yawa a ruwan, ya ninka miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Awo ɗaya a kan lokaci da ya wadatar. A 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. A 2022, maganin tari ya kashe yara kusan 70 a Gambiya.

Mu a Tasawa da Mayahi mun tsira ne? Waken da aka zuba wa piya-piya don gudun ƙwari, mu muke ci. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar afulatoksin, gubar da ke jawo kansar hanta, amma ita ake matsewa a yi mai da ƙuli-ƙuli. Ga magungunan da ake yawo da su a faranti cikin zafin rana. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da waken Najeriya saboda maganin ƙwari. Su sun auna, sun ƙi. Mu wa ya auna mana?

Ilimin da ke wannan aiki shi ne toksikoloji, wato sanin guba: mi ke cutarwa, adadi nawa, ta wace hanya. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya gama masta a kimiyyar sinadarai, ko ta halittu, ko haɗa magunguna, ko likitancin dabbobi, ya buɗe ido. Fagen yana canzawa, kuma ana neman ɗaliban doktora.

Da can, hanyar gane guba ita ce a ɗura wa ɓera ko zomo a ga abin da zai faru. Tun 1959 masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka kawo shawara uku: a maye gurbin dabba in da hali, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. A 2013 Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi. A Disamban 2022 Amurka ta cire dokar da ta wajabta gwada sabon magani a kan dabba kafin mutum. Yanzu ana aiki da ƙwayoyin jikin ɗan Adam da aka raina a ɗakin gwaji, da kwamfutar da ke hasashen illar sinadari daga tsarinsa.

Na san wani zai ce: mutane na fama da yunwa, kai kana kukan ɓera? Tausayin dabba ba aibu ba ne, amma lissafina daban ne. Jikin ɓera ba na mutum ba ne, kuma kiwon ɓerayen gwaji yana son sanyi, tsabta da lantarki dare da rana. Hasashen kwamfuta kuwa ana iya yinsa daga Maraɗi. Akwai ma tsohon gwaji da ake yi da saiwar albasa don gane ko ruwa na lalata ƙwayoyin halitta. Albasa dai ba mu rasa ta ba. Ba a kai ga barin dabbobi kwata-kwata ba, amma gara mu shiga tun yanzu.

Ina kuɗin karatun? Shirin Marie Skłodowska-Curie na Turai yana ɗaukar ɗaliban doktora daga kowace ƙasa, da albashi, kuma ana tallata guraben a shafin EURAXESS. Akwai DAAD ta Jamus, akwai TWAS, akwai Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe. Ƴan uwa mata, OWSD domin ku aka yi ta. Galibinsu Turanci suke so, don haka a fara koyo yau, ba sai an ga sanarwa ba. A tanadi fasfo, takardun makin jarabawa da wasiƙun malamai. Wanda ya ce ka turo masa kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

Sai dai bursi kaɗai ba ya magani. In dokta ya dawo bai tarar da wurin aiki ba, zai koma. Muna da LANSPEX a Yamai, amma tsakaninta da kasuwar Tasawa tafiyar yini ce. Ina kira ga hukumar ANAB ta ware gurabe don wannan fanni, kuma a ba Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ɗakin awon guba mai kayan aiki. Su ma magadan gari su riƙa sa a auna ruwan kowace sabuwar rijiya, a manna sakamakon inda kowa zai gani.

Ku tura wannan ga wanda ya gama masta yana zaune. Wanda ya taɓa samun irin wannan bursi kuma, ya riƙe hannun ƙanensa.