Karatun waya zanen aro ne

Duk wanda yake Zamfara a watan Satumban 2021 ba zai manta da makonnin da aka katse layukan sadarwa ba. Gwamnati ta ce matakin tsaro ne domin daƙile 'yan bindiga. A Talata Mafara da Bakura da Maradun wayoyi suka koma fitila da agogo. Mu masu son karatu, a lokacin ne muka gane cewa abin da muke kira ɗakin karatunmu yana hannun wasu.

A waɗannan kwanaki na buɗe tsohuwar akwatin mahaifina na zaro Magana Jari Ce, bangonsa ya yage, gara ta taɓa gefensa. Kafin mako ya zagayo littafin ya shiga gida biyar a unguwarmu. Yaran da ba sa iya minti goma ba su latsa waya ba suka zauna a zaure ana karanta musu labaran aku, suna rigima kan wanda zai karɓa gobe. Littafin da Abubakar Imam ya rubuta tun kafin a haifi kakannin wasunsu shi ya raba su da kaɗaici.

Ba muna kushe waya ba ne. Da ita kake karanta wannan rubutu. Ta kai labari ƙauyen da jarida ba ta taɓa zuwa ba, kuma marubuta mata da yawa sun samu masu karatu a WhatsApp da Facebook ba tare da sun bi ta maɗaba'a ba. Amma karatun waya sai da data, sai da caji, sai da sabis. Ɗaya ya ɓace, karatu ya tsaya. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Abin ya fi zafi idan aka tuna irin shekarar da yankin ya gani. A watan Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashi ɗalibai a makarantar Kaya da ke Maradun, aka rufe makarantu. Yaron da aka rufe wa makaranta, aka katse masa sabis, gidansu kuma babu littafi ko ɗaya bayan na darasi, me aka bar masa?

Da can akwai shagunan hayar littafi. Da 'yan canji kaɗan yarinya za ta karɓi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ko wani na Balaraba Ramat Yakubu, ta karanta, ta mayar. Iyaye sun yi ta ƙorafi a kan littattafan soyayya, amma da su dubban matasa suka goge a karatun Hausa. Yawancin shagunan yau sun koma wurin cajin waya.

Akwai kuma tarihinmu da ke neman zubewa. Matasa nawa ne a Maradun suka san abin da ya faru da manoma a madatsar ruwan Bakolori a 1980? Waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo, ɗan wannan ƙasa, ana jin su a waya kullum, amma tarihin makaɗa irinsa sai da masana kamar Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka zauna suka rubuta. Irin waɗannan littattafai ya kamata ɗan Bakura ya samu a garinsu.

Ba a rasa masu hali ba. Ƙananan hukumomin nan uku sun fitar da gwamnoni uku: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Ga Kwalejin Abdu Gusau a Mafara cike da malamai da ɗalibai. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023. Ya kamata ɗakin karatu a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma ya shiga cikin lissafin, ba ginin azuzuwa kawai ba.

Kafin gwamnati ta motsa, mu ma da namu. Ɗaki ɗaya, benci biyu, kanta ɗaya da mai riƙon amana sun isa a fara a unguwa. Kowane ma'aikaci ɗan yankin da ke Gusau ko Sakkwato ko Kano, in zai zo gida hutun Sallah, ya sa littafi biyu cikin tsaraba.

Sabis zai iya sake ɗaukewa, Allah Ya kiyaye. In ya ɗauke, kada yaranmu su sake dogara da akwati ɗaya a unguwa.