Ofishin da Babu Rahoton Kuskure Abin Tsoro Ne

A farkon shekarun 1990, Amy Edmondson tana ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Harvard lokacin da ta shiga binciken kurakuran ba da magani a wasu asibitoci biyu na Amurka. Zatonta shi ne na kowa: sashen da ma'aikatan jinya suka fi haɗin kai, nan kuskure zai fi ƙaranci. Da alƙaluma suka fito sai ga akasin haka. Sassan da suka fi iya aiki tare su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce.

Da wani ne, da ya binne sakamakon ya nemi wani batun. Ita kuwa sai ta tura wani mai bincike, wanda bai san abin da take zargi ba, ya je ya ga yadda ake mu'amala a sassan. Ashe ba kuskure suka fi yi ba, bayyana shi suka fi yi. Inda shugabar sashe ke da tsawa, nas ta ba da magani ba daidai ba sai ta ja bakinta ta yi gum, takarda ta fito fes, mara lafiya kuma shi ya kwana a ciki.

A 1999 ta wallafa bincike kan rukunonin ma'aikata 51 a wani kamfanin ƙera kayan ofis, a mujallar Administrative Science Quarterly. Ta nuna cewa rukuni na koyo ne idan kowa ya yarda ba za a ci masa fuska ba don ya yi tambaya ko ya ce "na yi kuskure". Ba ita ta fara wannan magana ba. Edgar Schein da Warren Bennis sun taɓo ta tun 1965. Ita dai ta auna abin, ta kuma nuna cewa hali ne na rukuni, yana iya bambanta daga ofis zuwa ofis a ma'aikata guda. Da kamfanin Google ya fara nazarin rukunoninsa 180 a 2012, wannan hali ne ya zo kan gaba cikin abubuwan da ke sa rukuni ya yi fice.

Abin da ya fi burge ni shi ne tambaya guda ta riƙe shekara da shekaru, har zuwa littafinta The Fearless Organization na 2018. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu, masu ƙidaya takardu ba tare da sun karanta ba, ya kamata su yi tunani a kan wannan.

Sai dai masu shirya bita sun fara lalata maganar, suna koyar da ita a matsayin lallashi da murmushi. Edmondson ba ta ce a daina tsawatar wa malalaci ba. Cewa ta yi a ɗaga ma'aunin aiki, amma kada mai kawo mummunan labari ya zama shi ne mai laifi.

Mu da muka saba da ofis inda ƙaramin ma'aikaci ke cewa "haka ne, ranka ya daɗe" alhali ya ga rami a gaba, wannan bincike ya shafe mu kai tsaye. Girmama na gaba tarbiyya ce, ban ce a bari ba. Amma yallaɓai, idan shekara ta zagayo babu wanda ya shigo ofishinka ya ce an yi ɓarna, kada ka ɗauka ba a yi ba. Tsoronka ake ji, kuma kai za ka gyara wannan.